Babi na Huɗu: Jirgi Ya Tashi, Taro Ya Tashi

Baƙon da ya sauka a Dutsin-Ma da jaka a kafaɗa, ya tare ɗan acaɓa ya ce masa jami'a za shi, ba zai rasa jin wannan tambaya ba: "Tekof, ko ta bayan gari?" Ɗan acaɓan yana faɗin kalmar ne kamar yadda zai ce tasha ko bakin kasuwa. A wurinsa sunan wuri ce, tana da kuɗinta, tana da hanyarta.

Asalin sunan ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya guda tara, aka ba Dutse ɗaya, Kashere ɗaya, Lafiya, Lokoja, Wukari, Oye-Ekiti, Ndufu-Alike da Otuoke kowace ɗaya, Jihar Katsina kuwa tata ta faɗo a Dutsin-Ma. Da yake ba a gina jami'a a dare ɗaya, sai aka fara karatu a gine-ginen da ke cikin gari, kafin a tayar da babban mazauni a kan hanyar Ƙanƙara. A takardun gwamnati wurin farko sunansa *take-off campus*, kuɗin da aka bayar na fara aiki kuma *take-off grant*. Gidajen rediyo suka fassara wurin da mazaunin wucin gadi, amma bakin mutanen gari ya ɗauki na Turancin ya daidaita shi da harshensa, ya zama Tekof.

Da za ka gaya wa ɗan acaɓan nan cewa kalmar da yake kai fasinja gare ta ita ce Bature ke faɗa idan zai tuɓe takalmi, ita ce yake faɗa idan jirgi ya ɗaga sama, ita ce kuma idan ɓarawo ya ranta a na kare, sai ya dube ka ya ce Malam, hau mu tafi, rana tana yi.

Ni kaina abin da ya sa na tsaya a kan wannan kalma wani kawuna ne da ke zaune a Kurfi. Shekarun baya aka aiko masa da takardar gayyata daga makarantar da 'yarsa ke karatu a Dutsin-Ma, taron iyaye da malamai. Kawu mutum ne mai karatun allo, yana rubuta wasiƙa da ajami tsaf, amma boko bai ratsa shi ba, sai ya miƙa takardar ga wani yaron maƙwabta ɗan babbar sakandare. Layin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne: *The meeting will take off at 10 a.m.* Yaron ya san an koya musu cewa idan jirgi ya yi *take off*, to ya tashi ke nan. Sai ya ce, "Baba, sun ce taro zai tashi ƙarfe goma na safe."

Kawu ya yi lissafinsa irin na manya. Taron da zai tashi ƙarfe goma, ai tun bakwai da rabi ko takwas za a zauna. Yana sallame sallar asuba ya fito bakin titi, ko koko bai tsaya sha ba, ya samu motar da ta taso daga Katsina. Ya isa makarantar bai tarar da kowa ba sai maigadi. Ya samu gindin bedi ya zauna, rana ta fito ta same shi, ta ɗaga ta bar shi. Taron kuwa, kamar yadda tarukanmu suka saba, goman ma ba ta same shi ba. Da ya biyo ta gidana da azahar, fuskarsa kaɗai ta isa labari.

Abin lura shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Kowace kalma ya ba ta fassarar da ke cikin littafinsa. Sai dai jimlar ta fito da kishiyar abin da aka nufa, domin a Hausa taro idan ya tashi ya ƙare, a Turancin takardar kuwa lokacin ne zai fara.

Masu nahawun Turanci suna kiran irin waɗannan kalmomi *phrasal verbs*. Ni a aji nakan ce musu aikatau mai jela, saboda aikatau ne ake liƙa wa 'yar ƙaramar kalma a baya, kamar *off*, *up*, *out*, *in*, sai ma'ana ta juya, wani lokaci ta yi nisan da ba za ka gane uwar ba. Matsalar ta daɗe. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci wannan ɗabi'a ta Turanci a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙin harshen. Sunan da ake kiran su da shi yanzu kuwa ya fito fili ne a wani littafin Logan Pearsall Smith na 1925. Ita kanta *take* baƙuwa ce a Ingila: daga harshen mutanen arewacin Turai, waɗanda suka riƙa kai hari suna zama a can, ta shigo, ta ture tsohuwar kalmar da Ingilishi ke da ita. *Off* kuma da *of* asalinsu kalma ɗaya ce, daga baya suka raba gari.

Ma'anar da ɗalibi ke fara cin karo da ita ita ce ta cire abin da ke jiki. A nan Turanci ne matalauci. Da *take off* ɗaya Bature zai rabu da riga, da hula, da zobe, da agogo, da takalmi, har da tukunyar da ke kan wuta. Bahaushe kuwa tuɓe riga yake yi, ya cire hula, ya zare zobe, ya kwance agogo, ya warware rawani, ya sauke tukunya, idan zafi ya ishe shi ya kwaɓe babbar rigar ya yar. Kowace kalma tana nuna maka yadda hannu ya motsa. Wanda ya ce ya sauke zobe ko ya zare tukunya, yara ma za su yi masa dariya. Kuma tuɓewarmu tana zuwa inda *take off* ba ta zuwa: mu har sarki muna tuɓewa, kamar yadda Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 Muhammadu Dikko ya hau, amma su a harshensu wata kalma dabam suke nema wa wannan.

Daga cirewar jiki sai ta wuce zuwa cirewar lissafi. Ranar Laraba a kasuwar Dutsin-Ma, ka taya buhun gero, mai shi ya ce albarka, ku yi ta ja har ya ce to na rage maka dubu ɗaya. Wannan ragin a Turanci *take a thousand off* ne. Ma'aikacin asibiti da ya nemi hutun kwana biyu shi ma *take two days off* ya yi, daga nan ne muka samu "yau ina of" da ake ji a bakin masu aikin kwana. A gidan kallon ƙwallo, koci ya fitar da ɗan wasa minti na sittin, mai sharhi zai ce an yi *taking off* ɗinsa, samari kuma su ce an cire shi, wasu su ƙara da cewa dama tun ɗazu ya kamata. Akwai wata ma'anar ta Ingila wadda da wuya ka ji ta a Najeriya, wato kwaikwayon muryar mutum ko tafiyarsa don ba'a, irin yadda 'yan aji ke yi wa malamin lissafi da zarar ya juya baya.

Ma'anar da ta fi yin 'ya'ya ita ce ta tashi sama. Tun kafin a ƙera jirgi, Turawa suna amfani da ita ga mai tsalle da doki, lokacin da ƙafa ta rabu da ƙasa. Da 'yan'uwan nan Wright suka ɗaga a watan Disamba na 1903, kalma tana nan tana jira. Mu kuma da jiragen farko suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ba mu sha wahalar nemo kalma ba. Muna da jirgi tun na ruwa, muna da tashi tun na tsuntsu, sai muka haɗa. Har nan harsunan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa yaron maƙwabtan Kawu ya amince da fassararsa.

Bayan nan ne hanya ta rabu. Bature ya kalli jirgi yana gudu a ƙasa, yana ƙara wuta, sannan ya ɗaga, sai ya ga hoton duk wani abu da ya daɗe yana jan ciki kafin ya bunƙasa farat ɗaya. Sana'ar da ta karɓu, waƙar da ta cika gari, sabuwar wayar da kowa ke rububi, duka *it took off*. Mu a nan cewa muke abin ya kankama, ko ya karɓu, ko kasuwarsa ta buɗe. A 1960 wani masanin tattalin arziki na Amurka, W. W. Rostow, ya fitar da littafin da ya kasa ci gaban ƙasashe mataki biyar, ya sa wa na uku suna *take-off*, wato lokacin da ƙasa ke rabuwa da talauci kamar yadda jirgi ke rabuwa da titinsa. Shekarar ce Najeriya ta samu 'yanci, kuma irin wannan harshe ne ya cika bakin masu tsara ƙasa na lokacin. A ganina ta wannan ƙofa kalmar ta samu gindin zama a ofisoshinmu.

Da ta zauna kuwa sai muka rage mata tsawo. A Ingila abu ba ya *take off* sai ya yi nasara. A Najeriya ya isa a ce an fara. Kwamiti yana *take off*, rajistar masu zaɓe tana *take off*, taron iyaye da malamai ma haka, ko da mutum bakwai ne a zauren. Akwai kuma 'yar'uwarta da 'yan jarida ba sa gajiya da ita, *yet to take off*, wadda ake liƙa wa duk aikin da aka yi bikinsa aka watse. Mutanen wannan yanki sun san irin aikin ba sai an fassara musu ba. Madatsar ruwa ta Zobe, a kan kogin Karaduwa kudu da Dutsin-Ma, an kammala ta tun 1983 zamanin Shagari, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ba da ruwan sha daga cikinta. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama ginin, ranar ƙaddamarwar yana da shekara 38, wataƙila da 'ya'yansa a sakandare.

To, mu dawo kan tamu kalmar, domin wanda zai yi wa Turanci dariya ya fara duba gidansu. Tashi nawa gare mu? Mutum yana tashi daga barci, yana tashi tsaye, yana tashi daga unguwa ya koma wata. Wane a Kurfi ya tashi, wato can ya girma. Mota ta tashi: ko injin ya kama, ko ta bar tasha, sai ka duba wurin da aka faɗa. Farashi ya tashi, ƙullu ya tashi, hankali ya tashi, faɗa ya tashi, ciwo ya tashi. Tela ya gama lissafi ya ce ɗinkin ya tashi dubu takwas. Wahalar mutum ta tashi a banza. Sannan ga waɗanda suka kayar da Kawu: makaranta ta tashi, kasuwa ta tashi, taro ya tashi, gari ya tashi, wanda a shekarun nan mutanen ƙauyukan yammacin Dutsin-Ma suka san ɗacinsa. Kalma ɗaya tana nufin farawa a bakin direba, tana nufin ƙarewa a bakin ɗan kasuwa, kuma ban taɓa ganin Bahaushen da ya rikice ba. Wanda yake tashi shi ke gaya maka wace tashi ce.

Haka *ci* take. Kasuwa tana ci, wuta tana ci, ɗalibi yana cin jarrabawa, ɗan takara yana cin zaɓe, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, alƙali yana cin mutum tara. *Sha* kuma ga wahala, ga kashi, ga kaye, ga iska. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 a kan *ci* zai ga yadda Baturen ya yi gumi. Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazari a kan waɗannan kalmomi biyu a 2009, suka nuna akwai tsari a ƙarƙashin tarin: *ci* ta fi karkata ga wanda ya yi rinjaye, *sha* ga wanda abu ya auka wa. Shi ya sa wanda ya ci zaɓe yake murna, wanda ya sha kaye yake shiga ɗaki.

Wannan tsari shi ne abin da nake ganin makarantunmu suna tsallakewa. Yadda aka koya mana, kuma yadda har yanzu ake koya wa masu shirin WAEC da NECO da JAMB, shi ne a rubuta jeri a allo, aikatau a hagu, ma'ana a dama, a ce a haddace. Yaro ya haddace hamsin ranar Litinin, ranar Juma'a saura shida, su ma sun cakuɗe. Alhali jelar tana da ma'anarta. *Off* rabuwa ce da abin da ake manne da shi. Takalmi ya rabu da ƙafa, jirgi ya rabu da ƙasa, dubu ɗaya ta rabu da farashi, ma'aikaci ya rabu da ofis, ɗan wasa ya rabu da fili, ɓarawo ya cika wa rigarsa iska ya rabu da unguwar gaba ɗaya. Ta kwaikwayo ce kaɗai ta ƙi shiga layi, ita kam a haddace ta.

Kuma ɗan Hausa ya fi kowa cancantar gane wannan, domin injin yana cikin bakinsa tun yana goye. Abin da Turanci ke yi da jela, Hausa da wasalin ƙarshe take yin sa. Ya sayi gero, ya sayo gero, ya saye geron, ya sayar da gero, gero ya sayu: saiwa ɗaya, ma'ana biyar, har da saye da sayarwa da suke kishiyoyi. F. W. Parsons ne ya tsara wannan a 1960 ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai, tsarin da ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji. Ci da cinye, shi ne *eat* da *eat up*. Sha da shanye, *drink* da *drink up*. Fita da fito, *go out* da *come out*. Ɗauka ita ce *take*, ɗauke kuwa ita ce ta fi kusa da *take off* a ruhi, kuma ita ma ta bazu yadda ta ga dama: an ɗauke wuta, ruwa ya ɗauke, numfashi ya ɗauke, barci ya ɗauke yaro, ta ɗauke kai, ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, Allah ya ɗauke masa nauyi. Na sha gwadawa a aji. Da zarar na rubuta ɗauka, ɗauke, ɗauko a gefe guda, *take*, *take off*, *take up* a ɗaya gefen, na ce musu dabarar iri ɗaya ce ko da ma'anonin ba su faɗa daidai kan juna ba, sai ka ga kafaɗu sun sauka.

Akwai ƙa'ida ɗaya da masu jarrabawa ke son kafa tarko da ita, kuma gajeriya ce. Idan *take off* tana da karɓau, wato akwai abin da ake cirewa, ana iya raba ta biyu: *take off your shoes* daidai ne, *take your shoes off* ma daidai ne. Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, *take them off*, ba a cewa *take off them*. Idan kuwa ba ta da karɓau, to maganar tashi ce, ko ta jirgi, ko ta sana'a, ko ta mai gudu, kuma ba a raba ta. Saboda haka abin da mai karatu zai fara dubawa shi ne ko akwai wani abu da ake cirewa. Yaron maƙwabta ya tsallake wannan rabin ramin. Sauran rabin sai wanda ya san Turancin ofisoshin Najeriya.

Shi wannan Turancin namu bai tsaya neman izini ba. Mun ga jelar ce ke ɗauke da ma'ana, sai muka yar da uwar muka riƙe ta: *off the light*, *off your shirt*, *on the generator*. A watan Yulin 2020, lokacin da kwamitin Majalisar Wakilai ke binciken hukumar NDDC, an ji ana roƙon minista Godswill Akpabio da ya yi *off* ɗin makirufonsa, maganar ta zagaye ƙasa, kuma ba wanda ya ce bai gane ba. A farkon shekarar 2020 ɗin ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da Kannywood, da *flag off* da gwamnoni ke yi wa tituna, da *eat money*, wanda kowane Bahaushe zai gane cin kuɗi ne aka sa wa kwat. Ina gaya wa ɗalibai su san duka biyun, su kuma san inda kowanne ke ci. Mai duba takardar WAEC ba ruwansa da abin da aka faɗa a majalisa, jan biro zai sa.

Ranar nan da Kawu ya huce, ya ci tuwo ya sha ruwa, na yi masa bayanin duk yadda aka yi, har da jirgin da takalmin. Ya saurara yana jan carbi. Can sai ya ce, "To, kai Malam, yanzu da taron nasu ya tashi da gaske, mi Bature ke cewa?"

Na ce, "Kawu, sai ya ce *break up*, ko *wind up*."

"Shi *up* ɗin mi ke nan?"

"Sama."

Ya yi shiru kaɗan. "Wato in za su fara su ce an cire, in sun gama su ce an yi sama." Ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce in raka shi bakin titi kada motocin Kurfi su ƙare, kuma daga yau duk takardar makaranta ni za a riƙa kawo wa.